Yadda Za Ka Zama Likitan Ayabar Falo Kafin Maiɗakinka Ta Dawo Wankan Jego

Idan matarka ta tafi gida haihuwa ta bar maka ayaba a tukunya cikin falo, kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan, duk wanda ya shigo gidanka zai rantse a gonar ayaba aka yanke maka cibiya. Na riga na gwada su a kan maƙwabcina Badaru, tela a kasuwar Bodinga, wanda matarsa Bahijja ta tafi Kajiji haihuwar fari. Mahaifinta ne ya ba ta ayabar tun tana ɗan tsiro. Har ta hau babur ta waiwayo ta ce masa: “Ka ga ayabag ga? In ka riƙe ta da rai, na san kana iya riƙon ɗa.”

1. Tsaya mata kamar likita

Goya hannu a baya, zagaya tukunyar, ka gyaɗa kai, ka ɗan yi tsaki. Kada ka taɓa komai. Rabin ilimi a tsayuwa yake, sauran rabin a tsaki.

2. Kada ka kuskura ka leƙa bayan ganye

Can ƙwari suke zama: wasu farare kamar auduga, wasu mitsi-mitsi masu saƙar gizo, ga darɓa mai danƙo. In ka gan su, aiki ya hau kanka, sai tsumma da ruwan sabulu, ana goge ganye ɗaya bayan ɗaya. In ba ka gan su ba kuwa, babu su. Da Badaru ya zo mini da ƙarar ganye na manne masa a hannu, tururuwa na hawa da sauka, na ce masa zaƙin ayaba ne ya fara tsattsafowa. Har godiya ya yi mini.

3. Kowane launi ka ba shi suna

Ganye ya yi rawaya? Ciwon shawara ne, ƙara ruwa safe da yamma har tukunyar ta fara wari. Bakin ganye ya bushe? Zafin Sakkwato ne, saki labule kada rana ta gan ta, ka juya mata fanka. Fanka ta yayyaga ganyen? Wannan ado ne, tela ya fi kowa sani.

4. Kira manomin albasa

Idan ganye ya fara kwanciya, lokacin manya ya yi. Badaru ya ɗauko Kawu Na'Allah daga Shagari, mutumin da albasarsa ke cika mota. Kawu ya duba sau ɗaya ya yi dariya.

“Wa ac ce maka ciwo takai? Ganye ya kwanta, ta nuna! Yanke mata ruwa, ka tattake ganyen, sannan a tona.”

“Kawu, ashe ba sama taka yin ɗiya ba?”

“Kai yaro, tun ba a haihe ka ba nike noma. Abin kirki duk ƙasa shike.”

Aka tattake, aka bari ta bushe, aka tona a kan ledar falo. Suka ciro wani dunƙule baƙi mai wari. Kawu ya juya shi ya ce, “Ba ta yi kai ba, irin banza anka ba ku.” Aka mayar aka rufe. Lura da kyau: masani ba ya kuskure, iri ne ke kuskure.

5. Idan ta kira waya

Ce mata, “Tana nan, har ta sake kama.” Ba ka yi ƙarya ba. In ta ce ka turo hoto, ɗora wa sabis ɗin Kajiji laifi.

6. Ranar dawowa, tsaya a ƙofa

Share falo, ka juya tukunyar ta fuskanci bango. Badaru ya ɗinka wa jariri 'yar riga da hula, ya sha wanka, ya miƙa hannu biyu tun babur bai tsaya ba, zuciyarsa fari ƙal. Wallahi har tausayi ya ba ni. Bahijja ta shigo, Gwaggo Uwani, ƙanwar mahaifinta, na biye da ita rungume da yaron. Ta wuce hannuwan nan ta nufi tukunya, ta kama ganye ɗayan da ya rage ta birkice shi. Bayansa fari fat da ƙwari.

“Badaru, ko sau guda ka duba bayanta?”

“An ce kada in duba.”

“Gwaggo, riƙe yaron ga da kyau. Wanda bai duba bayan ganye ba, bayan jariri za shi dubawa?”

Har yau in Badaru na son ɗaukar ɗansa, sai ya zauna a tabarma, Gwaggo na tsaye a kansa.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka da maiɗakinka ne da surukanka, babu hannuna babu ƙafata. Kada ka aiko mini da tukunya, kada ka ambaci sunana a Kajiji. Ni ban taɓa ganin ayaba ba sai a faifan mai talla, kuma ko can ban taɓa juya bayanta ba.