Ƙwallo Biyu a Sitiyari Ɗaya

Wani ne a Dutsin-Ma, ya shekara biyu yana ɗumama benci a tasha, lasin a aljihu, ba motar ja. Ran nan sai aka haɗa shi da Alhaji Hudu, dillalin shanu, wanda ya kori direbansa tun ran Laraba.

Shi Alhaji Hudu gudu bai dame shi ba, shan mai bai dame shi ba. Ladabi kawai.

"Ka san mi ya sa na kori wancan?" in ji Alhaji. "Mun zo wuce dattawan garinmu a Rawayau, sai ya danna musu hon. Hon! Kamar ya ga tumaki. Wanda ya riga shi kuma hannu ɗaya ya ɗaga musu, na hagu ma. Jibi za ka kai ni can. In ka gaida su kamar ɗan mutane, aiki naka ne. In ba haka ba, a ƙasa za ka dawo."

"Ranka shi daɗe, da hannu biyu ke nan?"

"Da ƙafa kake gaida ubanka?"

Mutumin ya karɓi makulli, ya fito kansa ya ɗauki zafi. Hannu biyu a sama, to sitiyari wa zai riƙe?

Yana cikin wannan tunani sai ga Malam Lawal ya shigo tasha da motarsa. Malam Lawal dai injin niƙa ya cinye masa hannun hagu tun yana saurayi, amma duk layin Kurfi ba wanda ya kai shi iya tuƙi. Ya karya kwana, ya yi ribas, ya cusa mota tsakanin bas biyu, ko fenti bai goge ba. Mutumin ya leƙa ta taga. Sai ya ga wani ɗan ƙwallo mai juyawa ɗaure a jikin sitiyari, Malam Lawal ya dafa shi da tafin hannu yana murzawa kamar mai dama fura.

"Malam, wannan fa?"

"Wannan? Ai shi ne hannuna na hagu."

"Wato aikin hannu guda yake yi?"

"Cif. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa cewa ya gaji ba."

Mutumin ya ja gefe ya yi lissafi da yatsu. Ƙwallo ɗaya, hannu ɗaya. Ya sake lissafawa, bai canza ba. Sai ya yi murmushi, yana mamakin yadda duk direbobin Katsina ba wanda kansa ya kawo wannan.

Ya nufi shagon Ɗanmusa mai kayan mota.

"Ba ni irin na Malam Lawal. Biyu."

"Motoci biyu ka samu?"

"Mota ɗaya. Hannu biyu."

Ɗanmusa ya dube shi, ya dubi maƙwabcinsa mai faci, ya haɗiye dariya. "Ina za a ɗaura?"

"Ɗaya dama, ɗaya hagu. Ka ɗaure tamau, kada wani ya zame ya bar wa ɗan'uwansa aiki."

Ranar tafiya suka ɗauki hanyar Kurfi, Alhaji a gidan baya ya sha babbar riga yana waya da masu shanu. Da suka hau miƙaƙƙiyar kwalta, mutumin ya ce bari ya gwada. Ya saki hannun dama. Mota na tafiya. Ya saki na hagu. Mota na tafiya! Ya gyara hula, ya sosa ƙeya, ya ce a ransa, lallai Malam Lawal rabin sirrin kawai ya sani.

Suka sauka kwalta suka shiga hanyar ƙasa. Can sai ga dattawa sun yi shimfiɗa gindin itacen bedi, daidai inda hanya ta lanƙwasa hagu.

"To, ga su nan," in ji Alhaji. "Mu gani."

Mutumin ya sauke gilashi. Ya zuro kai, ya zuro kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu sama har rigarsa na kaɗawa.

"Barkanku da hutawa, iyayena! Mun same ku lafiya? Ya iyali? Ya ruwa?"

Alhaji ya gyaɗa kai. "Madalla! Wannan shi ne ɗan..."

Hanya ta yi hagu. Mota ba ta yi ba.

Dattawa suka watse. Wani tsoho da ya shekara bakwai sai an kama shi yake miƙewa, sai ga shi a reshe na uku. Mota ta bi ta kan tabarmi, ta murƙushe buta huɗu, ta keta dangar gidan wata Gwaggo Hawwa'u, ta kwashi shanyar kuɓewa, ta je ta soka hanci cikin rumbu. Gero ya zubo ta taga har ƙirjin Alhaji. Shi kuwa mutumin hannunsa na nan sama, don bai gama ba.

"Ya kuma ƙoƙari?"

Gwaggo Hawwa'u ta fito da muciya tana salati. Aka jawo Alhaji ta ƙafa, ba hula, zangarniyar gero a wuya. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai tsohon nan da ya ce shi ba zai sauko ba sai an cire makulli.

Alhaji ya tofar da gero ya shaƙo kwalar mutumin.

"Kai! Wa ka bar wa sitiyari?"

Mutumin ya leƙa cikin mota, ya dubi ƙwallon dama, ya dubi na hagu, ya girgiza kai.

"Ranka shi daɗe, laifina ne. Na ɗauke su aiki ban faɗa musu wane ne direba wane ne kwandasta ba."