Baffa Nomau da Amo Mai Suna Huɗu

Sagiru, Hajjo, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Maganar baffanku Nomau ce, ƙanin ubanku, wanda in ka ce ya tsaya nan sai damina ta same shi a tsaye. Shi da matarsa Tabawa 'yarsu ɗaya ce, Lantana, kun kuma san ta rasu wajen haihuwa. Abin da ta bar wa uwarta shi ne saƙonnin muryarta a cikin manhajar nan Amo da ke wayar gidansu. Tabawa ba ta karatu, amma babban yatsanta ya haddace inda ake dannawa. Kullum bayan la'asar sai ta ji: "Inna, kin ci abinci?"

Wata rana Sagiru ya bugo daga Kano ya ce, "Baffa, Amonku ya tsufa. Ka je a sa maka wanda lambarsa ta fi girma." Nomau ya hau mashin zuwa kasuwar Laraba wajen mai gyaran waya. Mutumin ya ce, "Naka na tara ne, wanda ake yayi yanzu na biyu ne. Kamfanin ya koma ƙirga daga farko." Nomau ya ce, "Tara da biyu wanne ne babba?" "Tara." "To sa min tara." "Shi ne a ciki, Baba!" Nomau ya yi godiya, ya dawo gida yana cewa aiki ya yi kyau.

Wata rana Hajjo ta ce, "Baffa, rabu da lamba, ka ce a sa maka sabo." Ya koma. Aka ce akwai ɗaya da ake kira Amo Sabo, amma sunan ne kawai, ya girmi na taran ma. Nomau ya ce ai sabo aka aiko shi. Aka sa masa, aka ƙara da Amo Ƙarami kyauta. Ya dawo da alamomi uku a fuskar wayar, dukansu kore, kamar 'yan uku. Da la'asar Tabawa ta danna inda ta saba, ba Lantana, sai wani farin fili. Ta danna na gefensa, shi ma wayam. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Wata rana kuka haɗa baki kuka ce, "Duk abin da wayar ta tambaye ka, ka ce e." Ya zauna a gindin darbejiya, waya na tambaya a rubuce ko za a sabunta Amo, shi yana amsawa da baki, "E. E mana. Na ce e!" Har magariba. Tabawa ta fito ta ce, "Malam, 'yata kuka ɓatar min tsakanin tara da biyu. Kai wayar nan inda hannun kowa ba zai sake taɓa ta ba!" Nomau ya hau rumbu, ya tura ta can ƙarƙashin damman gero, ya rufe.

A wannan tsakanin ne masu Amo suka haɗe duka suka kira shi Amo kawai, ba lamba, suka tilasta wa kowa sabuntawa. Tsofaffin saƙonni suka tafi. Sagiru, kai da bakinka ka gaya min muryar Lantana ta goge a wayarka. Hajjo, ke kuka kika yi. Ku masu boko, ba wanda ya tsira da ko tarinta.

Shekaranjiya gero ya yi ƙasa, waya ta fito. Aka yi mata caji, ba data a ciki, na taran yana nan yadda yake. Tabawa ta yi ta lalube har ta dace. "Inna, kin ci abinci?" Ta zauna a ƙasa daɓas.

Yanzu ga inda aka tsaya. Wani jan rubutu ya fito a fuskar wayar, mai gyara ya ce da ta sha data za ta sabunta kanta, shi ke nan. Ya ce a kai ta birni a kwashe muryar. Tabawa ta ce ba za ta sake ba wa mai ilimi wayarta ba. Nomau kuwa ya ɗauko tsani, wai umarnin da Tabawa ta ba shi bai tashi ba, rumbu wayar za ta koma.

Ku kuka ɗaura wannan da shawarwarinku. Ba mai komawa Kano sai kun kwance shi.