Rasuwar Ƙwan Fitilar Ƙofar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya ƙi sauka, Autar gidan nan ke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar ƙwan fitilar ƙofar gida, wanda ya cika jiya da yamma a hannun Yayanta, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da kowa ya sa shi ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Ƙwari sun yi ta kai masa karo bai taɓa kai ƙara ba. Sautinsa guda ne, ɗan zzzz ɗin nan in wuta ta yi rauni. A ƙarƙashinsa Auta ta karanta littattafan da suka sa ta kuka, a ƙarƙashinsa kuma telan bakin layi ya fara kallonta har ya manta abin da ya zo faɗa. Dokar Baba dai sananniya ce: in babu haske a ƙofa, babu mai tsayawa da 'yarsa. Marigayin ne ya riƙe wannan soyayya da wuyansa.

Ciwon ajalinsa ya samo asali tun ranar da aka ɗaura shi. Auta ta roƙi Yaya ya kashe makunni, ya goge soket ɗin ya bushe, ya ɗan shafa basilin a ƙarfen gindin ƙwan, ya murɗa a hankali, da ya kama ya tsaya. Ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Ke, ƙwai ne ko jariri da za a shafa masa mai? Koma kan littafinki." Da jiƙaƙƙen hannu ya murɗe bawan Allah kamar da gaba a tsakaninsu. Indararon da ke ɗiga a kansa kuwa, an yi alkawarin gyara shi fiye da yadda aka yi ruwan sama. Tsatsa ta shiga, ta zauna, ta yi 'ya'ya.

Da haskensa ya ɗauke, Injiniya ya sake hawa tsani. Ya murɗa, ƙwai ya ƙi. Ya cije leɓe ya ƙara ƙarfi. Kalmar ƙarshe da aka ji daga marigayin ita ce ƙas! Gilashin ya biyo hannu, gindin ya tsaya a soket, tsatsa ta haɗe su kamar an yi walda. Yaya ya sauko yana cewa, "Dama jabu ne." A gaban gawa!

Ya rasu ya bar makunni da ake ta dannawa a banza, da ƙwari marayu, da tela wanda ya zo da sabon ƙwai a aljihu ya rasa inda zai ɗaura shi, Baba kuma ya sallame shi daga bakin ƙofa.

An riga an naɗe gilashin a tsohuwar jarida, za a kai shi makwancinsa a kwandon shara gobe da safe. Sauran gawar na nan a sama har mai gyaran wuta ya zo da filaya. Ba a gayyaci Yaya ba, kuma an ɓoye tsanin.

Auta za ta zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida kullum da yamma har a yi gyara. Baba bai hana ta'aziyya ba. Ana roƙon tela ya taho da tocila.