Hitar da Ta Ƙi Mutuwa a Rusaifa

Wani ne ya zo Makka daga Jos a tsakiyar sanyi. Da ya sauka ya ji iskar garin, sai ya yi dariya ya ce, "Wannan ne zafin Makkan da ake ba mu tsoro da shi?" Aka ce masa ya dakata tukuna. Bai dakata ba. Irin mutanen nan ne da kafin ka buɗe baki sun riga ka sanin abin da za ka faɗa.

Ya kama aiki a shagon kawunsa, yana sayar da darduma da carbi. Cikin wata shida Allah ya haɗa shi da wata yarinya, Hadil, haifaffiyar unguwar Jarwal. Aka ɗaura aure, saura tarewa. Uwar amarya kuwa, Hajiya Kabira, tun ranar farko kallon biri take masa. Ta aiko masa da saƙo: "Ranar Alhamis zan zo in ga gidan da ka kama. In ya yi, Hadil ta tare. In bai yi ba, akwai ɗaki a gidana na Jarwal. Ku zauna inda idona zai riƙa ganinku."

Zaman gidan surukai ke nan. Ya tuna abokansa na Jos da irin bakinsu. Ya rantse Hajiya ba za ta sami ko ƙura a gidan nan ba.

Gidan a unguwar Rusaifa yake, hawa na ƙarshe a wani bene. Ranar Lahadi ya shiga. Ya share, ya goge, ya rataye labule. Azahar ta yi, ya shiga banɗaki zai yi alwala. Ga kan famfo biyu, ja da shuɗi. Ko yaron goye ya san shuɗi ne na sanyi. Ya murɗa shuɗi ya tara hannu.

Bai san sanda ya kai bakin ƙofa ba, yana yarfa yatsu. Ruwan da za a fige kaza da shi ne. A gidan kawunsa da asuba yake wanka, alwala kuma a masallacin kasuwa, don haka bai taɓa gaisawa da famfon gida da rana tsaka ba.

Ya ɗaga kai, ya ga hitar ruwa maƙale a bango, fara sol, ta yi shiru kamar ba ta san komai ba.

Ya ce, "Ke ce ko? A Jos roƙonki muke yi ki yi zafi. A nan kuma kin sami wuta ba yankewa, kin haukace."

Ya kashe makunninta. Washegari da asuba ya taɓa ruwa, ya ji shi daidai. Ya yi murmushi ya ce, "Ai ba ta san da wa take yi ba." Azahar na yi, ruwa ya koma tafasasshe. Ya zare filogi daga bango. Asuba lafiya lau, azahar wuta. Sai ya zauna ya yi lissafi irin na masu ilimi, ya gano cewa hitar tana hutawa da daddare, ta fita aiki da hantsi. Jan famfon kuwa ko kallonsa ba ya yi. Ya ce in shuɗi ya yi masa haka, ja ai fatar zai saɓule.

Ranar Talata ya haɗu da maƙwabcinsa Talal a matakala. Talal haifaffen Makka ne, Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci. Ya ga yatsun mutumin naɗe da tsumma, ya tambaye shi lafiya.

"Hita ce ta ƙi mutuwa. Na kashe, na zare filogi, tana nan tana aiki."

Talal ya ce, "La, la, ya ahi, ba ita ba ce. Tankin ruwa yana kan rufi, rana ce take dafa shi. A lokacin zafi kowa a nan kashe hita yake yi, ruwan cikinta ya huce. Kana son sanyi, buɗe ja."

"In buɗe ja."

"Aiwa. Ja shi ne sanyi."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Talal, na san ni baƙo ne. Amma baƙo ba makaho ba ne. So kake in ƙone, ku sami abin dariya a majalisa."

"Wallahil azim gaskiya nake gaya maka."

"To na gode. Gobe kuma sai ka ce min a Makka ƙanƙara ake hura wuta da ita."

Talal ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi kuwa ya sauka ƙasan bene inda mitoci suke. Ya ce tunda hita ba ta jin magana, zai yanke mata abinci daga tushe. Bai san wanne ne nasa ba, sai ya sauke duka. Ƙarfe ɗaya na rana, a watan da kwalta ke narkewa. Duk na'urorin sanyaya ɗaki na benen suka yi tsit. Kafin ka ce kwabo matakala ta cika da mutane, wani da zani, wani da cokali a hannu, ana zage-zage da harshe uku. Shi yana sama, ya buɗe shuɗin famfo yana gwadawa da ɗan yatsa. Zafi na nan, har da ƙari.

Da suka hau suka same shi, ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, amma ku bincika. Hitar nan daga wani benen take satar wuta."

Da ƙyar Talal ya raba shi da su.

Laraba ta zo, saura kwana ɗaya. Tsoro ya kama shi sosai, don ya fara hango kansa yana gaida Hajiya safe da yamma a tsakar gidanta. Ya kira wani mai gyaran famfo, Taha, Bahaushen Sudan, dattijo mai sanyin magana.

Ya ce, "Malam Taha, cire min ita."

Taha ya ƙwanƙwasa hitar, ya duba waya, ya ce, "Ya zol, wannan lafiyarta ƙalau. A kashe take ma. Bari in buɗe maka ja ka ji."

Mutumin ya yi tsalle ya tare famfon da jikinsa. "Kai ma Talal ya gaya maka ko? Kada ka taɓa. Aiki na kira ka, ba wa'azi ba."

"Za ka yi nadama."

"Nadamar tawa ce. Cire."

Taha ya ce to. Ya kwance ta, ya haɗe bututun shiga da na fita wuri ɗaya, ya tattara kayansa ya tafi yana girgiza kai. Mutumin ya kinkimi hita tun daga hawa na ƙarshe, ya jefar da ita a bakin titi, cikin rana. Ya koma sama yana haki, ya buɗe famfo. Ruwa ya ƙone shi.

Sai ya sake saukowa, ya lallaɓa wajen hitar, ya ɗora mata tafin hannu. Ƙarfen da ya yi rabin awa a ranar Makka, kun san yadda zai yi. Ya janye hannu da sauri, ya ja da baya yana salati.

Ya ce, "Ba waya, ba bututu, tana kwance a titi, kuma tana aiki. Daga nan take aiko da zafin."

Ya tsayar da masu motar tsofaffin ƙarafa, ya ba su ita kyauta, bisa sharaɗin su kai ta bayan gari, inda ba za ta iya hango benen ba. Ya koma ya gwada ruwa bayan magariba, ya ji ya fara sassautawa. Ya ce ai kuwa, sun yi nisa da ita.

Alhamis bayan azahar Hajiya Kabira ta iso. Ta hau bene tana hutawa a kowane hawa, yana biye da ita, kansa a ƙasa. Ta duba falo, ta shafa taga ta dubi yatsanta. Ta buɗe kicin, ta leƙa ɗaki. Ba ta sami abin kushewa ba, kuma an ga abin bai yi mata daɗi ba. Zuciyarsa ta yi fari tas.

Ta ce, "Ba laifi. Bari in yi alwala kafin la'asar."

Ta shiga banɗaki. Shekararta sittin a Makka, ko a mafarki ba ta buɗe shuɗi a lokacin zafi. Ta murɗa ja, ta tara hannu biyu da natsuwa.

Abin da ta faɗa da Larabci ba zai maimaitu ba. Ta fito tana hura tafukanta, ta ce, "Yaro, wa ya kunna hita a wannan zafin?"

Ya ɗan rusuna, yana ɓoye murmushi. "Ai Hajiya ki kwantar da hankalinki. Babu ita ma gaba ɗaya. Kwana huɗu muna fafatawa, jiya na yi maganinta. Na sa an fitar da ita daga unguwar."

"Ka fitar da ita."

"Har bayan gari, Hajiya."

Ta dube shi. Sannan ta ce ya biyo ta. Suka hau kan rufi. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya giftawa. Ta nuna masa tanki ta ce ya taɓa. Ya taɓa, ya janye. Sai ya shiga zagaya tankin a duƙe, yana leƙa ƙarƙashinsa.

"Me kake nema?"

"Wayarsa, Hajiya."

Ta ɗaga yatsanta da ya yi ja, ta nuna masa sama. Ya bi yatsan da kallo, ya runtse ido, ya sauke kai ya dubi tanki, ya sake duban rana. Gumi ya karyo masa. Sai ya yi ƙasa da murya.

"To Hajiya, ita wannan kuma ta ina ake kashe ta?"

Ta gyara mayafinta ta nufi matakala. "Makunninta yana Jarwal, bayan ƙofar ɗakin da zan ba ku. Kwaso kayanka in nuna maka."