Barmo da Tarin Innarsa

A Unguwar Rimaye akwai wani mutum ana ce masa Barmo. Ƙato ne, ga ƙarfin noma, amma duk yadda magana ta faɗa kunnensa haka yake aikata ta. Su biyu ne a gidansu, daga shi sai tsohuwarsa Inna Hajo, wadda tari ya sa a gaba shekara da shekaru. In ya taso mata, ƙirjinta ya riƙa kuka kamar ɗan mage.

Wata rana ya goya ta zuwa asibitin gunduma. Malamar asibiti ta saurari ƙirjinta ta ce asma ce, hanyar numfashi ke tsukewa, shi ya sa tarin. Ba a warkewa, sai dai lallaɓawa. Ta nuna masa ɗan abin shaƙa, yadda ake girgizawa, a danna, a ja numfashi. Ta ce, "Ka riƙe shi da kyau, kada ka rabu da shi."

Washegari Barmo ya ɗaure shi a mazagin wandonsa ya tafi gona. Da ya dawo da la'asar ya tarar da maƙwabta sun cika gida, Inna a ƙasa, leɓɓanta sun yi baƙi. Aka ce, "Ina maganin?" Ya ce, "Ga shi, ko fitsari da shi na je."

Wata rana Inna ta ce, "Barmo, ɗakin nan ya matse ni, iska nake so in sha." Ya ɗauki ƙwarya ya hau tudun bayan gari, ya tara ta a iska, ya kife da faifai, ya taho a hankali kada ta zube. Ya durƙusa ya miƙa mata. Inna ta leƙa ƙwarya, ta kai baki kamar tana sha, hawaye na ɗiga a ciki. Ta ce, "Na ƙoshi, Allah ya yi maka albarka."

Wata rana ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Tasalla, za ta biki, ta ce, "Ka sa wa Inna ido har in dawo." Ya zauna ya zuba mata ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Tari ya turnuƙe ta, tana nuna masa abin shaƙa a kan taga, murya ta ƙi fita. Yana kallo yana kuka, bai motsa ba. Da rarrafe ta kai kanta.

Wata rana Gwaggo ta zo da ƙullin turare daga wani mai magani na kasuwa, ta ce yau za a kashe tarin nan. "Ka zuba a garwashi, ka sa a ɗakinta, ka rufe ƙofa da taga ruf." Ta fita abinta. Inna na kwance a bakin ƙofa tana neman numfashi, ƙafafunta a waje, ƙofa ba za ta rufu ba. Sai ya ɗauke ta cak ya ajiye a gindin darbejiya, ya rufe ɗakin, ya toshe kowace kafa da tsumma.

Gwaggo ta dawo ta dafe kai. "Kai wawa! Ɗaki ne ke tari?"

Ta banka ƙofa, hayaƙi ya koro ta tana tari har da amai. Da ya lafa, aka jawo wata kaza da ke kwanci ƙarƙashin gado, ta sandare a kan ƙwanta. Gwaggo ta dubi kazar, ta dubi Inna, ta zame ta zauna a ƙasa.

Barmo ya daɗe riƙe da kazar. Can ya ce, "Inna, in ke ce kika zama haka, ni me zan yi?"

Inna ta buɗe baki za ta amsa. Sai ta dubi fuskarsa, ta ga yadda ya kafa kunne yana jira, ta yi shiru.