Yadda Za Ka Mallake Fayilolin Ofis Don Kada a Kore Ka

Ka ji ana raɗe-raɗin rage ma'aikata, kai kuma aikinka kula da rumbun bayanai? Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbaci manaja ba zai iya ko hararar ka ba.

1. Ƙwace gidan

Duba sunan mai fayilolin rumbun. Za ka tarar wani asusu ne da manhajar da ke tafiyar da rumbun ta buɗe wa kanta. Ba ya ci, ba ya sha, ba shi da 'ya'ya a makaranta. Kai kana da huɗu. Mayar da komai sunanka.

2. Rufe ƙofa

Cire wa kowa izinin karantawa da rubutawa. Abokin aikinka zai leƙo ya ce, "Malam, na'ura ta hana ni shiga." Kada ka ɗago kai. Ce masa, "Tsaro ne." Ba a musu da wannan kalma a ofis.

3. Zama makulli

Yanzu ita kanta manhajar ba ta iya buɗe fayilolinta. Madalla. Sa ta riƙa tashi da asusunka, ba ta aiki sai ka zo ka kunna. Riƙa makara da minti goma, don su ɗanɗana. Ranar da manaja ya tarye ka a bakin ƙofa yana cewa "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," daɗi zai kusa kashe ka.

4. Manta da hutu

Uwargida za ta ce, "Baban yara, auren ƙanwarka fa, uwa ɗaya uba ɗaya?" Aika musu gaisuwa. Zazzaɓi ma a kan kujerarka za ka yi shi.

5. Yi wa sabuwar injiniya fara'a

Ganin wahalarka, za su ɗauko maka mataimakiya, su ba ta babban makullin na'urar. Da layi ɗaya za ta mayar da fayilolin ga mai su, shayinta bai ma huce ba. Manaja zai tambaya, "Wa ya yi wannan aika-aika?" Kada ka ce ba kai ba ne. Sunanka na jikin fayil dubu huɗu, kai ka rubuta.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, ba ruwana. Mai ƙorafi ya same ni a shagon gyaran waya na mijin yayata, nan nake zama yanzu. Ya ce in riƙa share wurin, amma har yau bai ba ni makulli ba.