Bango Mai Ƙyalli

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe bangon zauren Alhaji Nomau a Shagari ba, kuma ko na so in manta, mutanen garin ba za su bar ni ba. Zamanin Turawa ne, mota ba ta daɗe da fara bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ba. Ni kuwa ina matashin magini a Boɗinga, sabon aure, kaina cike da wani abu da nake kira basira, Baffana kuma yake kira iska.

Gidanmu gidan gini ne tun kaka da kakanni. Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni bayan rasuwar tsohona, kuma shi ne babban maginan yankinmu, ba a ɗora tubali kan tubali sai da saninsa. A wurinsa zanen bango ba ya wuce abin da ya gada: dagi, takobi, allo, sai 'yan layuka a bakin ƙofa. Duk na iya su, ko ido rufe. Abin da ya dame ni shi ne, duniya ta canja amma bangonmu yana nan jiya i yau. Sai na shiga gwaje-gwaje a bangon ɗakina. Na dafa ɓawon albasa don in sami ruwan ɗorawa, na roƙi katsi a marina, na daka fasassun kwalabe na liƙa. Matata Ige ta leƙo ta duba, ta ce kamar kaji sun yi faɗa cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa. (Na yi fushi kwana biyu, sannan na je na sake dubawa, na ga ba ta yi ƙarya ba.)

Amma ni na san abin da nake nema. Wata rana ina tsaye bakin hanya wata babbar mota ta wuce ni fuu, idona ya kasa riƙe ta. Nan take na ce wannan zan zana. Ba motar ba, kowa zai iya zana mota. Gudun nata nake so in kama in manna a bango. Da na faɗa wa Baffa, sai ya tambaye ni ko na yi sallar azahar, don ya lura yunwa da rashin salla su ke sa mutum irin wannan magana.

Ana nan sai Alhaji Nomau, wani falke mai fataucin fata da albasa, ya dawo daga Makka. Ya ga gine-gine a hanya, ya rantse zaurensa ba zai yi kama da na kowa ba. Baffa ya lissafa masa abin da ake zanawa, Alhaji ya ce duk ya gani, shi a ba shi ɗan nan mai iska. Baffa ya kira ni gaban sauran magina ya yanke magana.

"Ga bango nan, tahi ka yi haukanka. In yat tsaya, na sake ka, ka ci gashin kanka da sunan magini. In ko kab ba mu kunya, ka koma takin ƙasa shekara biyu, ba ka ƙara taɓa zane."

Takin ƙasa aikin sabon shiga ne, a tsaya cikin kwaɓi ana tattakawa da ƙafa daga safe har la'asar. Na amsa ba tare da na ko numfasa ba.

Na kewaye bangon da zana don kada kowa ya leƙa, na duƙufa. Na ja layuka masu lanƙwasa suna bin juna daga ƙasa zuwa sama, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, wasu na cinye wasu. Ya yi kyau, amma yana tsaye cik. Gudu yana son ƙyalli, ni kuwa ba ni da shi, don kwalaben da na gwada a gida yanka hannu kawai suke yi. Ina cikin wannan damuwa na shiga kasuwa, na ga an fasa kantun gishiri a rana yana walƙiya. Na saya, na ɓarza shi ba luƙui ba, na ƙara kanwa don haske, na cuɗa da makuba, wato haɗin da muke yi wa bango shafe da shi, na shafe bangon kaf. Da bai isa ba na kwashe na Ige. Ta tambaye ni mi nika yi da gishirin miya, na ce mata sirrin sana'a ne, ba a faɗa wa mata. Da na faɗa mata da ban ba ku wannan labari ba, don ita gidansu gidan kiwo ne.

Aka sa ranar buɗewa ta zo daidai da ranar kasuwa, bayan an gama girbi, lokacin da makiyaya ke sauko da dabbobinsu cin kara. Aka kuma yi sa'a (haka na ɗauka a lokacin) Di'o, Baturen mulki, yana rangadi a yankin, Alhaji ya aika aka gayyato shi. Na aro babbar riga wurin abokina. Na ƙi a taɓa zanar sai da hantsi ya dubi bango sosai, sannan na ce a janye.

Wallahi ya yi ƙyalli. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Layukan nan suka kama rana suna rawa, in ka matsa kaɗan sai ka ga kamar bangon ya wuce ka. Wani tsoho ya kare idonsa da hannu. Di'o ya cire hularsa mai malafa, ya tambaya ta bakin tafinta ko mene ne wannan. Na gyara riga, na ɗaga murya don na bayan su ji, na ce gudu ne, ranka shi daɗe, ba abin da ke gudun ba. Na ci gaba da bayani, na ce zamanin dagi ya wuce. Baffa na tsaye a gefe lokacin da na faɗi haka, kuma ya ji.

Ban ƙarasa ba na ji jama'a na darewa. Garke ne na wani Bafulatani daga wajen Kajiji, za su wuce mashaya. Ta gaba, wata farar saniya mai manyan ƙaho, ta tsaya ta ɗaga hanci. Ta bar hanya ta nufo mu kai tsaye, ta wuce Alhaji, ta wuce Di'o, ta sa harshe a tsakiyar guduna ta ja. Sauran suka rufa mata baya. Kafin ka ce kwabo bangon ya cika da harsuna, ba ka jin komai sai ƙarar lasa. Awakin kasuwa ma suka zo suka kama ƙasa-ƙasa.

Na ruga na tsaya gaban bangon na ware hannuwa, ina kora da bakin rigar aro. Na manta makonni uku ina cuɗa gishiri da hannayen nan. Farar saniyar ta juyo ta lashe ni tun daga gwiwar hannu har kunne, hulata ta faɗi, wani maraƙi ya taka ta. Makiyayin ya iso yana haki, ya ga abin da ake ciki, ya durƙusa gaban Alhaji ya yi ta sa albarka, wai bai taɓa ganin mai kuɗin da ya gina wa dabbobin matafiya bangon gishiri sadaka ba. Nan dariyar da mutane ke dannewa ta ɓalle.

To, duk wannan ba shi ne abin kunyar ba. Di'o ya rubuta wani abu a ɗan littafinsa, ya yi magana, tafinta ya juyo gare ni yana cije leɓe. Ya ce Bature na tambaya, ko zuwan shanun ma yana cikin aikin, da gangan na shirya shi?

Ina tsaye ba hula, yawun saniya na bin wuyana, ga dama ta samu in ce na yi kuskure in huta. Sai na ji bakina ya ce, "I, ranka shi daɗe. Haka nis shirya. Ai gudu ba ya zama wuri guda."

Bature ya gyaɗa kai ya ƙara rubutu. Alhaji ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi dai zaure ya biɗa, ba mashaya ba. Baffa ya kaɗa rigarsa ya tafi, kuma tafiyar nan tasa ta fi mini dariyar kasuwa ciwo.

Washegari ban jira aike ba, na naɗe wando na shiga kwaɓi. Ina cikin tattakawa Baffa ya dawo daga Shagari bisa jakinsa. Ashe tun da safe ya koma ya duba bangon shi kaɗai. Ya tsaya kaina ya daɗe yana kallon ƙafafuna, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa don kada sauran su ji.

"Can bisa, inda harshe bai kai ba, na tsaya na duba. Shina tahiya, hwa. Ban san yadda kay yi ba, amma shina tahiya."

Hawaye suka cika mini ido. Na fara fiddo ƙafa daga kwaɓin, ya nuna mini da sanda in mayar. Ya ce magana ɗaya yake yi, shekara biyu.

Na yi su cur, ban rage ko kwana ba. Ranar da suka cika na koma kan gwaje-gwajena, kuma na yi shekaru masu yawa ina zana abubuwan da mutane ke tambaya mene ne su. Abu ɗaya kawai na canja. Na sayi akuya na ɗaure a gida, duk sabon haɗin da na yi ita nake fara miƙa wa. In ta shinshina ta kau da kai, na san aiki ya yi. In kuwa na ga ta fara murna, sai in zubar in sake.